GUNTUN GATARINKA YA FI SARI KA BA NI: MAGANAR IRIN SHUKA A ƘASAR JEGA DA ALIERO

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya bi hanyar Jega zuwa Aliero a cikin watan Maris ba ya bukatar a gaya masa abin da ƙasar nan take taƙama da shi, domin kuwa hancinsa ma ya isa ya ba shi labari. Ga albasa nan tuli-tuli a bakin hanya, ga manyan motoci ana ta lodi, wasu za su Ikko, wasu Fatakwal, wasu kuma su ƙetare iyaka. Daga Alelu har Maiyama, da wuya ka sami unguwar da kuɗin albasa bai yi rufin kwano a cikinta ba, ko ya aurar da 'ya, ko ya kai wani Makka. Da yawa ma daga cikinmu da ke zaune a ɗakunan karatu, albasar nan ce ta biya mana kuɗin makaranta. To, amma duk wannan dukiya tana rataye ne a kan wata 'yar baƙar tsaba wadda ba ta fi ƙwayar gero girma ba, watau iri. Abin da nake so mu tsaya mu duba shi ne, a hannun wa irin nan yake a yau, kuma a hannun wa zai kasance nan da shekara ashirin?

Ni dai a ganina, manomin da ba ya riƙe da irinsa ya zama ɗan ƙodagon mai sayar da iri, ko da kuwa gonar da yake nomawa ta gado ce. Mai iri shi zai yanke masa abin da zai shuka, da lokacin da zai shuka, da kuɗin da zai biya tun bai sa fartanya a ƙasa ba. Saboda haka ya wajaba manomanmu su ci gaba da zaɓe da ajiye irin da suka gada, mu kuma 'yan makaranta mu taimake su da ilmin da muka samu, maimakon mu zama mu ne masu raina abin.

Da farko ya kamata mu san abin da ake nufi da irin gado. Shi ne irin da manoma suka yi shekara da shekaru suna shukawa a wuri guda, kowace shekara suna ware mafi kyau su ajiye don baɗi, har ya saba da ƙasar wurin da zafinta da ƙwarinta. In ka shuka shi, 'ya'yansa za su yi kama da shi, jikokinsa ma haka. Albasar da ake noma a fadamun gulbin Zamfara da ya ratsa ta Jega ba daga sama ta faɗo da jan ɓawonta da zafinta da jimirin ajiyarta ba. Wani tsoho ne ya duƙa ya tsince wadda ta fi tauri ya ware, ɗansa ya yi haka, jikansa ya yi haka. Wannan aiki shi ne ainihin abin da malamanmu na Sashen Aikin Gona suke koyarwa da sunan inganta iri. Bambancin kawai shi ne malami yana rubuta nasa a littafi, manomi kuwa nasa yana cikin ka.

Shi kuwa irin gwangwani da ya cika kasuwanninmu a yanzu, mai yawa daga cikinsa haɗin aure ne, watau an ɗauki iyaye biyu daban an haɗa su don a sami ɗa mai ƙarfi. Shi ne za ka ga an rubuta F1 a jikin gwangwani ko takarda. Lalle a shekarar farko yakan ba da amfani mai ban sha'awa, ga girma ga kai ɗaya. Amma in manomi ya ɗebi iri daga cikinsa ya sake shukawa, sai 'ya'yan su rarrabu, wannan ya ɗauko kakansa na wajen uba, wancan na wajen uwa, amfani ya ragu. Ba sihiri ba ne, ƙa'idar gado ce wadda wani limamin Kirista mai suna Gregor Mendel ya bayyana tun a shekarar 1866, bayan ya yi shekaru yana gwaji da waken Turawa. Ma'anar wannan ga talaka ita ce, dole kowace shekara ya koma kanti. Da yake kuma yawancin irin kayan lambu na gwangwani daga waje ake shigo da shi, da kuɗin waje ake sayensa, duk ranar da naira ta faɗi, kamar yadda ta yi a 2023, a kan manomin Alelu faɗuwar take ƙarewa. Ban da wannan ga 'yan damfara masu zuba tsohon iri a sabon gwangwani, mutum ya yi reno ya yi dashe ya yi ban ruwa wata uku, sa'an nan ya tarar albasa ta tafi a ganye ba ta yi kai ba.

Kada wani ya ɗauka ina gaba da binciken zamani ne. Ko kusa. Wanda ya san abin da farin 1973 da na 1984 suka yi wa ƙasar Hausa ba zai raina iri mai nuna da wuri ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda tushenta ya faro tun 1922, da cibiyar IITA ta Ibadan da aka kafa a 1967, sun fitar da wake da dawa da masara waɗanda suka ceci gidaje masu yawa daga yunwa. Da dama daga cikin waɗannan ma ba haɗin aure ba ne, manomi na iya ajiye irinsu ya sake shukawa. Amma sai mu tambayi kanmu, da me masanan suka yi aikin? Da irin da aka tattaro daga hannun manoma suka yi shi. A Ibadan akwai wake kala fiye da dubu goma sha biyar a ajiye, ba inda ya fi nan tarin wake a duniya, kuma kaso mai yawa daga gonakin Afirka ta Yamma aka samo shi. Haka nan shinkafar NERICA, wadda ta sa Dokta Monty Jones na Saliyo ya sami babbar kyautar abinci ta duniya a 2004, an same ta ne ta hanyar haɗa shinkafar Asiya da tamu ta Afirka, dangin jar shinkafar nan da kakanninmu ke nomawa a fadama. Ashe ke nan irin gado shi ne uwa, na zamani kuwa ɗa ne. Ina hikimar kashe uwa don an ga ɗa ya yi ƙiba?

Tarihi ya nuna abin da kan faru in al'umma ta zuba dukan ƙwanta a kwando ɗaya. Mutanen ƙasar Ayaland sun dogara ga dankalin Turawa, kusan kala guda, sai wata cuta ta faɗa masa a 1845, cikin 'yan shekaru mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu da yunwa da cututtukan da ke binta, wasu da yawa suka yi ƙaura. A Amurka, duk da ƙarfin ilminsu, a 1970 wata cutar ganye ta cinye kusan kashi 15 cikin 100 na masararsu, saboda yawancin irin da kamfanoni suka sayar daga tsatso ɗaya ya fito. Mu ma nan gida mun ɗanɗana. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa bashi a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, gajeriyar shinkafar zamani ta mamaye fadamu, an kuwa sami alheri da ita. Amma ambaliyar 2020 ta nuna mana iyakarta, domin gajeren kara ba ya jure ruwa mai zurfi, alhali kuwa a cikin tsofaffin shinkafunmu akwai wadda in ruwa ya ƙaru ita ma sai ta ƙara tsawo ta bi shi. Wanda ya yar da wannan iri don ya ga bai kai na zamani yawan buhu ba, ya yar da garkuwarsa.

Akwai kuma wani darasi daga maƙwabtanmu na Nijar wanda ya kamata kowane ɗan Aliero ya sani. Galmi wani gari ne na Hausawa a jihar Tawa, tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, albasarsa kuwa ta yi suna a dukan Afirka ta Yamma. A shekarar 2006 sai wani kamfanin iri na ƙasar Senigal ya shigar da takarda a hukumar kare haƙƙin mallaka da ke Yawunde, yana neman a ba shi mallakar iri mai sunan albasar Galmi. Sai da manoma da Gwamnatin Nijar suka tashi tsaye sa'an nan kamfanin ya saki sunan ya laƙa wa nasa wani. Daga baya, a 2021, aka yi wa albasar Galmi rajista da sunan ƙasarta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A wannan shekara ta 2021 ce kuma Nijeriya ta kafa dokar da ke ba wanda ya ƙirƙiro sabon iri haƙƙin mallakarsa har shekara 20. Dokar na bukatar iri ya zama sabo, kai ɗaya, ba ya sauyawa. Kamfani mai lauya da ɗakin gwaji zai cika waɗannan sharuɗɗa cikin sauƙi. Irin gado kuwa, wanda ƙarfinsa ma yana cikin ɗan bambancin da ke tsakanin 'ya'yansa, ba shi da takarda, ba shi da mai tsaya masa sai masu shi.

To, yaya ake zaɓen iri da ajiyarsa? Bari mu fara da albasa tun da ita ce sarauniya a nan. Ita albasa zango biyu take yi kafin ta ba da iri na ƙwarai. A zangon farko ta yi kai, a na biyu a dasa kan ya fitar da kara ya yi fure. Zaɓe na farko ranar cira ake yinsa: a ware mai tauri, mai siririn wuya, mai ɓawo a manne, wadda ba ta rabu biyu ba. Zaɓe na biyu kuwa damina ce ke yinsa a cikin rudu, domin duk wadda ta ruɓe ko ta tsiro kafin kaka ta fitar da kanta daga layi. Wadda ta ƙetare damina lafiya ita za a dasa in sanyi ya kusa, ta yi fure cikin hunturu, a yanke kawunan furen sa'ad da suka fara buɗewa baƙar tsaba ta bayyana, a shanya a inuwa, a murje, a sheƙe. Babban ganganci shi ne ɗibar iri daga albasar da ta yi saurin fitar da kara tun a zangon farko. Lalle an huta da jiran shekara, amma an ajiye wa kai zuriyar masu gudu zuwa fure, waɗanda kansu ba ya ajiyuwa. Sa'an nan kada a yi rowar iyaye. Albasa ba ta son auren gida na kurkusa, in aka dinga ɗibar iri daga kawuna biyar ko goma sai zuriyar ta raunana. In da hali kada a gaza ɗari. Daɗin daɗawa, ƙudaje da ƙudan zuma ne ke ɗaukar garin fure daga wannan kai zuwa wancan, saboda haka in maƙwabcinka ya bar farar albasa ko ta gwangwani ta yi fure kusa da taka, iri ya gauraya ke nan. Masana kan ce a raba su da nisan kamar kilomita ɗaya. Wannan kuwa ba abin da mutum ɗaya zai iya ba ne, sai 'yan fadama sun haɗa kai sun yarda da iri guda a yanki guda. Feshin maganin ƙwari a lokacin fure shi ma ɓarna ne, domin yana kashe masu ɗaurin auren.

Sauran kayan lambu kowanne da halinsa, amma ƙa'idar ɗaya ce: mafi kyau shi ne na iri, ba ragowar da kasuwa ta ƙi ba. Kuɓewa, wadda mu a nan muke kira guro, a ɗaura ƙyalle a jikin itacen da ya fi lafiya da yawan 'ya'ya, a bar 'ya'yansa na farko-farko su bushe a kai. Tumatir a zaɓi nunanne daga lafiyayyen itace, a matse 'ya'yan a kwano a bar su kwana biyu ko uku su yi tsami, yauƙin ya sake su, a wanke a shanya a inuwa. Tattasai kada a bar shi kusa da barkono, in ba haka ba baɗi sai a ji shi da yaji. Gero da masara iska ce ke haɗa aurensu, saboda haka daga tsakiyar gona ake zaɓen zangarniya, tun hatsi na tsaye, lokacin da ido zai ga kara da ganye da komai, ba bayan an tara a masussuka ba.

Maƙiyan iri a ajiye uku ne: laima da zafi da ƙwaro. Masana sun auna sun ga cewa duk ɗan ragin laima da aka yi a jikin iri yana ƙara masa kwana ƙwarai, haka kuma sanyin wurin ajiya. Akwai gwaji mai sauƙi: a zuba busasshen gishiri da ɗan iri a busasshiyar kwalba, a rufe a girgiza, a bar shi ɗan lokaci, in gishirin ya manne a jikin kwalba, iri bai bushe ba tukuna. In ya bushe, a zuba shi a tulu ko gora ko kwalba mai murfi, a liƙe baki, a ajiye a ɗakin ƙasa mai sanyi, nesa da zafin rufin kwano. Iyayenmu kan gauraya wake da toka ko yashi mai laushi, su sa busasshen ganyen dogon yaro ko barkono, su rataye zangarniyar iri inda hayaƙin murhu ke ratsawa. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda ya bazu tun wajen 2007, shi ma yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da guba ba. A tuna dai cewa irin albasa ba shi da tsawon rai, a zafin ƙasarmu da wuya ya wuce shekara guda da ƙarfinsa. Don haka kafin a yi reno sai a ƙirga ƙwaya ɗari a jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a dinga yayyafa ruwa. Bayan kwana goma a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsiro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abin da ke ƙara wa irin gado daraja shi ne, da takin gida aka rene shi, watau kashin shanu da na awaki da tokar murhu da juji. Irin kamfani kuwa galibi an zaɓe shi ne a gonar da ba a rasa takin zamani da feshi, shi ya sa in ya zo hannun talakan da bai iya sayen buhun taki ba sai ya ba shi kunya. Kowa ya ga yadda kuɗin taki ya yi tashin gwauron zabo a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren. Mun kuma ga yadda Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015 saboda yawan gubar maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Abin da Turawa suka ƙi ci, shi muke dafawa mu ba 'ya'yanmu. Noman da ya rage dogaro ga guba yana bukatar irin da ya saba tsayawa da ƙafarsa.

Na san akwai masu cewa irin gida ba ya cika buhu kamar na gwangwani, yakan gauraye, wani lokaci ma yakan ɗauko cuta daga bara ya kai baɗi. Maganarsu akwai ƙamshin gaskiya. Amma lissafin manomi ba ya ƙarewa ranar cira. Albasar da ta cika buhu a watan Maris, lokacin da kasuwa ta cika ta batse, sa'an nan ta ruɓe kafin Yuli, ba ta kai wadda za ta jira har kaka, sa'ad da buhu ya ninka kuɗinsa. Gaurayewa da cuta kuwa aibin sakaci ne wajen zaɓe, maganinsu shi ne a koyi zaɓe da kyau. Ba wanda ya ce kada manomi ya gwada sabon iri. Ya gwada a fangali biyu ko uku, amma ya riƙe nasa a sauran, kada ya saki reshe ya kama ganye.

A nan ne aikinmu yake, mu ɗalibai. Tun 2006 aka kafa jami'a a Aliero, a tsakiyar gonakin albasa, ga ɗakunan gwaji ga malamai ga matasa ɗaruruwa waɗanda iyayensu manoma ne. Ina kira ga kowane ɗayanmu, in an tafi hutu, ya ɗauki littafi da alƙalami ya zauna gaban tsofaffin garinsu, ya rubuta sunan kowane iri da suka sani, da kwanakin da yake yi kafin ya nuna, da ƙasar da yake so, da dalilin da ya sa ake riƙe da shi. Kada a manta da iyayenmu mata, domin irin kayan miya, su guro da sure da kabewa da yalo, a ƙullin tsummansu da ƙoransu yake. Duk tsohuwar da ta rasu ba a tambaye ta ba, ta tafi da abin da ba a samunsa a laburare. Ina kuma kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta nemi hukumar makaranta ta ware fili da ɗaki guda don ajiyar irin yankin nan, a rubuta sunan garin da kowane iri ya fito, a dinga shuka shi ana sabuntawa, duk manomin da nasa ya ɓace ya zo ya karɓa ya mayar bayan girbi. A kuma aika da kaso zuwa cibiyar ajiyar iri ta ƙasa da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1987. Wanda ke ganin wannan ɓata lokaci ne, ya tuna cewa duniya ta haƙa rumbun iri a cikin dutsen ƙanƙara a tsibirin Svalbard na ƙasar Norwe a 2008, kuma a 2015, da yaƙi ya raba masana da rumbunsu na Halab a Siriya, can suka je suka ɗebo abin da suka ajiye suka sake farawa. Su kuma shugabannin manoma da Gwamnatin Jihar Kebbi, lokaci ya yi da za su nemi hanyar kare sunan albasar Aliero kamar yadda mutanen Galmi suka kare tasu, tun kafin wani ya riga su.

Kakanninmu ba su bar mana masana'anta ba, ba su bar mana rijiyar mai ba. Iri suka bar mana, sun kuwa tsare shi cikin fari da fara da yunwa, har akwai shekarun da suka kwana da ciki wayam alhali ga damin iri a rataye ba su taɓa ba. Abin kunya ne a ce a zamaninmu, mu da muka yi karatu, amanar nan ta salwanta. Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, ya sa mu miƙa wa na baya abin da na gaba suka miƙo mana. Amin.